Waƙa da Fagenta: Tasirin Wurin Sauraro a kan Yadda Ake Jin Waƙoƙin Baka na Hausa

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wannan magana gaskiya ce, sai dai ba ta ƙare zancen ba, domin duk lokacin da makaɗi ya buɗe baki akwai wurin da yake tsaye ko zaune, akwai mutanen da suka kewaye shi, akwai kuma dalilin da ya tara su. Daɗin da mai sauraro yake ji, ko tsumar da ta kama shi, ko kunyar da ta rufe shi, ba daga bakin makaɗi kaɗai suke fitowa ba. Wurin da aka ji waƙar yana da nasa kason.

Da yawa daga cikin nazarce-nazarcen waƙar baka da ake gudanarwa a jami'o'in ƙasar nan an gina su ne a kan kaset ko abin da ya gaje shi. Ɗalibi zai samo waƙa daga gidan rediyo ko kasuwa, ya juye ta a takarda, ya fitar da turkenta da salonta da zubi da tsarinta, sannan ya yanke hukunci a kan gwanintar mai ita. Wannan hanya ta yi wa adabin Hausa hidima mai yawa, amma tana ɗauke da wani aibi da ba a cika kula da shi ba, wato hukuncin da ake yankewa hukunci ne na kunnen da ke zaune a ɗaki shi kaɗai, alhali waƙar an yi ta ne domin kunnen da ke cikin taro.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa fagen waƙa ɓangare ne na waƙar kanta, kuma raba waƙa da fagenta ya sa an ɗaukaka wasu makaɗa an kuma tauye wasu ba bisa adalci ba. Za a duba fagage uku na gargajiya, wato fada da fagen dambe da tsakar gida, ta hanyar ayyukan Ibrahim Narambaɗa da Muhammadu Bawa Ɗan Anace da Barmani Choge. Daga nan za a waiwayi sabon fagen da faifai da rediyo da kaset suka samar, tare da misalan Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos.

2.0 Abin da Ake Nufi da Fage

A wannan maƙala kalmar fage ta ƙunshi abubuwa huɗu. Na farko shi ne wuri, wato ƙofar fada ce ko filin kasuwa ko gona ko cikin gida. Na biyu shi ne lokaci, kamar ranar salla ko daren Juma'a ko kaka bayan an kawar da amfanin gona. Na uku shi ne mahalarta, da matsayin kowannensu, da wanda aka yarda ya shiga da wanda aka hana. Na huɗu, wanda shi ne ya fi muhimmanci, shi ne abin da waƙar za ta iya jawowa nan take, ko kyautar doki, ko zubar da mutuncin wani, ko faɗuwar ɗan dambe.

Masana sun daɗe da lura da wannan. A shekarar 1957 M. G. Smith ya bayyana roƙo a matsayin wata kafa da al'ummar Hausawa ke amfani da ita wajen tabbatar da matsayi da daraja. A 1970 Ruth Finnegan ta jaddada cewa adabin baka na Afirka ba ya rayuwa sai a lokacin aiwatar da shi. A 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa, inda suka haɗa kayan kiɗa da masu kaɗa su da lokutan da ake kaɗa su. Haka kuma tsarin nazarin da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993 ya buƙaci a fara da bayanin salsalar waƙa da wanda aka yi wa ita. Abin da ke faruwa a aikace shi ne, akan rubuta wannan bayani a shafin farko a matsayin share fage, sannan a manta da shi idan an zo tantance salo da armashi.

Kiɗan bori ya isa misali a kan ƙarfin fage. Kowane iska yana da takensa da ake kaɗa masa da garaya ko goge, kuma a wurin wasan bori jin taken kan sa dokin iskan ya hau. Amma ana iya sa wannan take a rediyo a tashar mota, mutane su ci gaba da cinikinsu ba wanda ya faɗi. Wannan ya yi daidai da matsayar Gilbert Rouget, Bafaranshen da ya wallafa littafi a kan kiɗa da hawan iska a 1980, cewa sauti shi kaɗai ba ya gusar da hankali, sai ya haɗu da imani da shiri da taron da ke jiran abin ya faru.

3.0 Fada: Narambaɗa da Zambon da Ke da Mai Shi

Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne, makaɗin kotso, wanda ya yi zamansa a ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya kuma rasu a farkon shekarun 1960. Mafi yawan waɗanda ke girmama shi a yau ba su taɓa ganinsa ba, muryarsa kawai suka sani. Abin da suke ji a waƙoƙinsa shi ne hikima da zurfin tunani da ƙwarewar sarrafa harshe, har ta kai ana ɗaukar Bakandamiyarsa tamkar taskar falsafa. Babu shakka ya cancanci wannan yabo. Tambayar ita ce, shin abin da mutanen fadar Isa suke ji ke nan?

A fada kiɗa alama ce ta iko kafin ya zama abin nishaɗi. Tambari da kakaki ba a yi wa kowa su sai sarki, kuma a masarautu da dama makaɗan sarki kan hallara a ƙofar fada a daren Juma'a su yi kiɗan da ke sanar da gari cewa sarki yana nan daram. Makaɗin fada yana rera waƙarsa ne a gaban ubangidansa, hakimai da fadawa suna zaune kowa a mazauninsa, 'yan sarki masu jiran gado suna ji. A irin wannan zama yabo ba ado ba ne kawai. Idan makaɗi ya jero asalin sarki da kakanninsa, hujjar cancantarsa da gadon yake kafawa a gaban waɗanda su ma suke ganin sun cancanta.

Nan ne matsayin zambo da habaici yake fitowa fili. Makaɗan fada sun shahara da siffanta abokan hamayyar ubangidansu da dabbobi ko da wata tawaya ta jiki ko ta hali, ba tare da kama suna ba. Mai sauraron kaset yakan yi dariya, ya yaba kyawun siffantawar, manazarci kuma ya sanya ta a babin dabbantarwa ko kamantawa. Amma a fada wanda ake nufi sananne ne, wataƙila ma yana zaune a wurin, kowa yana satar kallonsa, shi kuwa ba shi da ikon tankawa. Abin da mahalarta ke ji a lokacin ya haɗa da fargaba da tausayi da jin daɗin faɗuwar wani, kuma kowa yana auna inda shi kansa ya tsaya. Kalmomin ba su sauya ba, amma a fada makami ne, a kaset kuwa sun koma ado.

Akwai kuma batun karin harshe, wanda ya shafi masana harshe kai tsaye. Narambaɗa da Hausar yamma yake waƙa, mai amfani da na da ta a inda daidaitacciyar Hausa ke da ne da ce, da siffofi irin su yat tahi a madadin ya tafi. Ga Bagobirin Isa wannan ita ce maganar yau da kullum. Ga Bakano ko Bazazzagi ko ɗalibin da ya koyi Hausa a aji, waɗannan siffofi suna zuwa da wani kwarjini na tsufa da nisa, har akan lissafa su cikin salo. Ke nan wani kaso na girman da ake ji a waƙar nisan wuri ne ya haifar da shi. Wannan hukunci ya hau kan waƙoƙin Salihu Jankiɗi da Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, domin dukansu da wannan kari suka yi waƙa.

Duk da haka, adalci ne a ce Narambaɗa yana cikin waɗanda ƙaura daga fage ba ta cutar da su ba. Ɗiyan waƙoƙinsa a tsare suke, an shirya su tun kafin a fito, shi da 'yan amshinsa suna karɓa-karɓa bisa ƙa'ida, kuma karin magana da hikimar da ke ciki suna iya tsayawa da ƙafarsu. Saboda haka takarda ta karɓe shi hannu bibbiyu. Abin da ya rasa na zafi ya mayar da shi ta fuskar daraja.

4.0 Fagen Dambe: Ɗan Anace da Waƙar da Ke Jiran Naushi

Lamarin Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya sha bamban. Shi makaɗin maza ne, mai kalangu, wanda sunansa ya haɗu da na Shago da Ɗandunawa har ba a ambaton ɗaya a bar ɗaya. Dambe a asali wasan mahauta ne da ake yi da kaka, inda 'yan wasa ke bin garuruwa, a share fili a yi da'ira, ɗan dambe ya naɗe hannu ɗaya da zare, a yi turmi uku, wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa a ce ya kashe shi.

A wannan fage aikin makaɗi shi ne ya fitar da mutum daga cikin taro ya shigar da shi inda za a iya karya masa haƙarƙari. Da an kaɗa taken ɗan dambe sai tsuma ta kama shi, ya miƙe yana kyarma, ya ɗaga hannu ya yi kirari, sannan ya nufi wanda zai kara da shi. Ɗan Anace ya yi fice wajen yawan ambaton mutuwa da lahira a waƙoƙinsa, yana tuna wa gwaninsa cewa tsoro ba ya ƙara kwana. Wanda ya ji wannan a ɗakinsa yakan ɗauke shi wa'azi ko tunani a kan ƙarewar duniya, har ya yi shiru yana jinjina kai. Wanda ya ji shi a fage, yana kallon ƙato biyu sun ja daga, abin da yake ji shi ne bugun zuciya, domin mutuwar da ake ambato tana iya kasancewa taku biyar daga inda yake tsaye.

Idan aka juye irin wannan waƙa a takarda, abubuwa uku sukan bayyana waɗanda manazarci ke iya ɗauka rauni ne. Akwai yawan maimaici, akwai tsalle daga wannan batu zuwa wancan ba tare da gada ba, akwai kuma katsewar ɗan waƙa kafin ya kai ƙarshe. Amma kowane ɗayansu yana da dalili a fage. Maimaici shi ne ke hura wutar tsuma, kuma makaɗi ba zai bar layi ba sai ya ga ya kama wanda ake yi dominsa. Tsalle daga batu zuwa batu yakan biyo bayan abin da ido ya gani, kamar shigowar wani gwani ko miƙewar abokin gaba. Katsewa kuwa sau da yawa shewar 'yan kallo ce ta cike gurbin. Wato rabin tsarin waƙar yana cikin fili, takarda kuwa rabi ɗaya kawai ta kwaso.

A nan ne rashin adalcin yake. Idan aka ɗora ma'aunin da ya dace da waƙar fada a kan waƙar dambe, wato tsararrun ɗiya da daidaiton amshi da bin turke sau da ƙafa, dole ne makaɗin maza ya fito a baya. Ɗan Anace ya tsira daga wannan hukunci saboda ƙarfin azancinsa ya isa ya ratsa takarda. Makaɗan dambe da kokawa da farauta da noma da yawa ba su tsira ba, domin gwanintarsu ta karanta fili ce da sanin lokacin da za a zuga da lokacin da za a sassauta, kuma wannan gwaninta ba ta barin sawu a rubuce.

5.0 Tsakar Gida: Barmani Choge da Kunnen da Ba a Gayyata ba

Fage na uku shi ne wanda katanga ta kewaye. Amada kiɗan mata ne da ake yi da ƙore, wasu a kife a kan ruwa, a lokacin bikin aure ko suna, a cikin gida inda maza ba sa shiga. Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ita ce ta fi kowa fito da wannan kiɗa sarari. Waƙoƙinta sun taɓo kishi da haihuwa da zaman aure da surar jikin mace, sun kuma yi kira ga mata su kama sana'a, tare da yi wa macen da ta zauna ba ta da abin yi ba'a.

A tsakar gida waɗannan batutuwa ba baƙi ba ne. Matan da ke wurin sun san zafin naƙuda, sun san ranar da aka kawo amarya ɗakin da ke kallon nasu, sun san abin da ake nufi da jiran miji ya ba da kuɗin sabulu. Idan zabiya ta ambaci abin da ba a faɗa a zaure, guɗa ake yi, a taso a yi rawa, a yi liƙi, domin an sami wadda ta faɗi abin da ke cikin kowa. Kunya, wadda ita ce ke tsare harshen mace a gaban suruki da miji da baƙo, an ɗage ta na ɗan lokaci bisa yardar al'ada, kamar yadda ake ɗage ta tsakanin abokan wasa. Abin da ake ji a wurin shi ne sakewa da ƙarfin zuciya da zumunci.

Da kaset ya fitar da waɗannan waƙoƙi daga cikin gida, sai suka faɗa kunnen da ba a gayyata ba. Aka ji su a shagon mai kaset da cikin motar haya, inda dattijo da 'yarsa da ɗan makaranta suke zaune kujera ɗaya. A nan sai kunyar da aka ɗage ta dawo da ƙarfinta, wasu suka kira waƙoƙin batsa. Wannan suka ba ƙarya ce tsagwaronta ba, domin abin da mai motar haya ya ji ya saɓa wa ladabin wurin da yake. Kuskuren shi ne a ɗora laifin a kan waƙar, a mance cewa an ɗauke ta ne daga inda take da izini aka kai ta inda ba ta da shi. Manazarcin da zai auna Barmani da kunnen motar haya zai ga rashin kunya, wanda kuwa ya auna ta da kunnen tsakar gida zai ga mai ilmantarwa da ta san jama'arta. Ita kanta daga baya ta riƙa fita manyan tarurruka da gidajen talabijin, kuma abin nazari ne a kwatanta abin da take rerawa a can da abin da take rerawa a cikin mata zalla.

6.0 Sabon Fage: Faifai da Rediyo da Kaset

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa na'ura ta raba waƙa da fage ta bar ta a sarari. Abin da ta yi shi ne ta samar da wani fagen mai nasa sharuɗɗa. Faifan garmaho na farko ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti 3 a kowace fuska, don haka dole makaɗin da ya saba kwana yana kiɗa ya taƙaita. Gidan rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962, ya kai muryoyin makaɗan wata masarauta zuwa wasu masarautun da ba su taɓa jin su ba. Kaset mai minti 60 ko 90 ya ba mai sauraro ikon maimaita waƙa yadda ya so, a lokacin da ya so. A yau wayar hannu da intanet sun kai abin ga mutum ɗaya da abin sauraro a kunnensa.

Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya kuma rasu a 1999, ya rayu a fagagen biyu. Binciken digiri na uku da Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala a kansa a 1975 ya nuna makaɗi ne mai gina waƙa a lokacin da yake rera ta. Wannan ne ya sa waƙoƙinsa suke cike da jerin sunayen mutane da garuruwa. A kaset jerin yakan yi wa wasu tsawo, har su ga kamar cike gurbi ne. A wurin wasa kuwa kowane suna aukuwa ce, domin mai sunan yana nan, ya miƙe ya yi kyauta, sanƙira ya shelanta, taro ya shaida. Haka nan Shata ya yi waƙar mashaya, ya kuma yi waƙar yabon Annabi, kowacce a muhallin da ya karɓe ta. Kaset ne ya jera su a kan kanta ɗaya, ya sa mai sauraro yake jin karo a tsakaninsu fiye da yadda mahalarta kowane fagen suka ji.

Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, misali ne na makaɗin da sabon fagen ya yi wa daidai. Kuntigi ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya, sautinsa ba ya cika fili kamar kalangu ko kotso, kuma Ɗan Maraya shi kaɗai yake waƙa ba 'yan amshi. Makirufo ya ɗaga wannan ƙaramin sauti ya daidaita shi da na manyan ganguna. Bugu da ƙari, waƙoƙinsa a kan ƙaren mota da zaman aure da halin ɗan Adam ba su dogara da kasancewar wani ubangida a wurin ba, suna magana ne da duk wanda ya ji. Saboda haka ba abin da ya zube a hanya tsakanin bakinsa da akwatin rediyo, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ya karɓu har ga waɗanda Hausa ba harshensu na farko ba ce.

Sabon fagen ya haifar da wani ji wanda tsohon bai sani ba, wato begen gida. Bahaushen Sabo ta Ibadan ko Agege ta Legas ko zangon Kumasi, idan ya ji Ɗanƙwairo yana wasa wani basarake, ba biyayya ga wannan basarake ce ke motsa shi ba, wataƙila ma bai san shi ba. Abin da yake ji shi ne ƙamshin ƙasar da ya baro ko wadda kakansa ya baro. Waƙar da aka yi domin ta bambanta sarki da talaka ta koma abin da ke haɗa attajiri da ɗan dako a kan tabarma ɗaya. Wannan ji sahihi ne, ba a kuma isa a kira shi kuskure ba. Abin da ake buƙata kawai shi ne manazarci ya san cewa na zango ne, kada ya jingina shi ga fada.

7.0 Abin da Wannan Ke Nufi ga Nazari

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da shawarwari huɗu. Na farko, duk wanda zai nazarci waƙa ya bayyana wane hali aka ɗauke ta, a wurin wasa ne ko a ɗakin ɗaukar murya na rediyo, domin waƙa ɗaya a bakin makaɗi ɗaya takan fito da siga biyu. Na biyu, a wajen juye waƙa a takarda a daina share abin da ake ɗauka hayaniya ce, kamar shigar sanƙira da guɗa da shewa da kirarin ɗan wasa da wurin da kiɗa ya tsaya. Waɗannan su ne shaidar fage da ta rage a cikin kaset. Na uku, a auna kowane rukunin waƙa da ma'aunin aikin da aka yi ta dominsa, ta yadda maimaici a waƙar dambe ko jerin sunaye a waƙar jama'a za a tambayi me suka aikata kafin a ce sun yi yawa. Na huɗu, a gaggauta tattara bayanan dattawan da suka halarci waɗannan fagage, fadawa da tsofaffin 'yan dambe da matan da suka yi zamani da amada, domin su ne kaɗai za su iya faɗin wanda aka yi wa wane habaici da abin da ya biyo baya. Murya tana nan a ajiye, amma masu wannan sani suna ƙarewa.

Wani zai iya cewa wannan matsaya tana rage darajar matani, tana kuma hana a yi wa waƙar baka irin nazarin da ake yi wa rubutacciya. Amsa ita ce, nazarin matani yana nan da muhimmancinsa, kuma shi ne ya nuna wa duniya cewa Narambaɗa da Shata sun kai a karanta su a jami'a. Abin da ake nema shi ne a faɗaɗa ma'anar matanin, ya haɗa da wurin da aka furta shi.

8.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa abin da mai sauraro ke ji game da waƙar baka ya danganta da inda ya ji ta. Zambon Narambaɗa makami ne a fada, ado ne a kaset. Ambaton mutuwa a bakin Ɗan Anace zuga ce a fage, wa'azi ne a ɗaki. Waƙar Barmani sakewa ce a tsakar gida, abin kunya ce a motar haya. An kuma ga cewa na'ura ta fifita makaɗan da kalmominsu ke iya tsayawa su kaɗai a kan waɗanda gwanintarsu ke cikin karanta taro, kuma wannan fifiko ya shiga cikin jerin waɗanda ake koyarwa da waɗanda aka bari. Aji da ɗakin karatu su ma fage ne, masu nasu ladabi da nasu son zuciya. Manazarcin da ya san haka zai riƙa tambayar kansa, kafin ya ce wannan waƙa ta fi waccan, a ina ya ji su, kuma su wa aka yi dominsu.